Tarihin Charles Lindbergh, matuƙin da ya yi awa 33 da rabi a sama shi kaɗai daga New York zuwa Paris

A yau idan mutum ya hau jirgin sama a birnin New York na Amurka da daddare, zai yi kamar awa 7 zuwa 7 da rabi a sama, ya ci abinci, ya ɗan yi barci, gari na wayewa sai ga shi a Paris babban birnin Faransa. Tsakanin biranen nan biyu akwai nisan kusan kilomita 5,800, kuma yawancin tafiyar a kan ruwan Tekun Atlantika ake yin ta. Don a gane nisan da kyau, daga Legas zuwa Kano ta sama kusan kilomita 830 ne, jirgi yana yin ta cikin awa ɗaya da rabi. To ka ninka wannan sau 7, shi ne New York zuwa Paris.

Amma a shekarar 1927 wannan hanyar kashe mutane take yi. Wanda ya fara ratsa ta ba tare da ya sauka ko'ina ba wani saurayi ne ɗan shekara 25 mai suna Charles Lindbergh, wanda aikinsa a lokacin ɗaukar wasiƙu ne a jirgi. Tarihinsa za mu kawo a yau, da daɗinsa da ɗacinsa, domin sunan da ya yi a kwana biyu shi ne ya zame masa arziki, shi ne kuma ya jawo masa babbar musiba.

Tasowarsa

An haifi Charles Lindbergh ranar 4 ga Fabrairu, 1902 a birnin Detroit, amma ya tashi ne a wani ƙaramin gari mai suna Little Falls a jihar Minnesota, a bakin kogin Mississippi. Mahaifinsa haifaffen ƙasar Suwidin ne da aka kawo Amurka yana jariri, ya zama lauya, ya kuma yi ɗan majalisar wakilai daga 1907 zuwa 1917. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce mai koyar da kimiyya. Iyayen ba su zauna lafiya da juna ba, yawancin lokaci kowa yana nasa wurin, don haka yaron ya tashi mai kaɗaici, ba shi da yawan abokai, ba shi da yawan magana. Abin da yake so shi ne inji. Tun yana ƙarami ya iya tuƙa mota da gyara ta, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne ya riƙe gonar gidansu, yana kula da shanu da tumaki.

A 1920 ya shiga jami'ar Wisconsin don karatun injiniya, sai dai karatun bai karɓe shi ba, a farkon 1922 ya bar makarantar. Daga nan ya tafi garin Lincoln a jihar Nebraska ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgi. A wancan zamanin akwai masu yawo gari-gari da jirgi suna wasa, ana biyan su. Lindbergh ya bi su, yana tafiya a kan fiffiken jirgi yana sama, yana dirowa da lema, mutanen ƙauye suna kallo. Da kuɗin da ya tara da taimakon mahaifinsa ya sayi wani tsohon jirgin soja a 1923 a kan dala 500, kuma a cikinsa ya fara tashi shi kaɗai.

A 1924 ya shiga makarantar sojan sama a jihar Texas, ya fito a 1925 shi ne na ɗaya a ajinsu. Shekara ta gaba ya fara aikin kai wasiƙu tsakanin St. Louis da Chicago, tafiyar kusan kilomita 450. Aikin ba na wasa ba ne, domin da daddare ake yi, cikin hazo da ƙanƙara, ba fitilu a yawancin hanya. Sau biyu a 1926 hazo ya rufe shi mai ya ƙare masa, ya bar jirgin ya diro da lema. Idan aka haɗa da na baya, sau huɗu ke nan lema tana ceton ransa. A wannan aikin ne ya koyi abubuwa biyu da suka yi masa rana daga baya, wato lissafin mai da kuma tuƙi cikin duhu.

Dala 25,000 da ta ci rayuka shida

Tun a 1919 wani mai otal a New York, haifaffen Faransa, mai suna Raymond Orteig ya sa kyautar dala 25,000 ga duk wanda ya tashi daga New York zuwa Paris, ko daga Paris zuwa New York, ba tare da ya sauka ba. A nan akwai abin da mutane da yawa suke kuskurewa. Ba Lindbergh ne ya fara tsallake Atlantika a jirgi ba. A watan Yunin 1919 wasu Turawan Ingila biyu, Alcock da Brown, sun tashi daga Newfoundland suka sauka a Ailan cikin kusan awa 16. Sai dai tasu tafiyar kusan kilomita 3,000 ce, wato rabin nisan New York zuwa Paris da ɗan ɗoriya, kuma su biyu ne.

Matsalar a fili take. Idan hanya ta yi nisa ana buƙatar mai da yawa, idan mai ya yi yawa jirgi ya yi nauyi, idan ya yi nauyi kuma ya ƙi tashi. A watan Satumbar 1926 wani shahararren matuƙin yaƙi na Faransa, René Fonck, ya cika wani ƙaton jirgi mai inji uku da mai da kaya, jirgin ya kasa tashi, ya kama wuta, mutum biyu suka mutu. A watan Afrilun 1927 wasu Amurkawa biyu, Davis da Wooster, suka mutu wajen gwada nasu jirgin. Ranar 8 ga Mayu wasu Faransawa biyu, Nungesser da Coli, suka taso daga Paris suka nufi New York, har yau ba a ga su ba, ba a ga jirginsu ba. Mutum shida ke nan.

Shi kuma sai ya yi tunani daban. A ganinsa inji uku yana nufin wuri uku da za a iya samun matsala, ga nauyi, ga shan mai. Mutum na biyu a jirgi kuma nauyinsa ya kai na man da zai yi tafiya mai nisa. Don haka ya yanke shawarar inji ɗaya, mutum ɗaya. Ya sa dala 2,000 tasa, wasu 'yan kasuwar St. Louis suka cika masa zuwa dala 15,000, shi ya sa aka sa wa jirgin suna Spirit of St. Louis. Manyan kamfanoni sun ƙi sayar masa da jirgi a kan sharaɗinsa, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Ryan a San Diego ya yarda ya ƙera masa a kan dala 10,580, kuma suka gama cikin kwana 60.

Yadda ya auna hanya da yadda ya rage nauyi

Abin mamaki, lokacin da za a fara aikin, shi da injiniyan kamfanin Donald Hall ba su da tabbacin nisan hanyar. Sai suka je ɗakin karatu na gari, suka samu ƙwallon taswirar duniya, Lindbergh ya ɗauki zare ya ja daga New York zuwa Paris, suka auna. Zaren ya ba su mil 3,600, wato kusan kilomita 5,800. Kuma zaren ya nuna wani abu. Tun da duniya a mulmule take, hanya mafi kusa ba ita ce wadda ido yake gani a miƙe a taswirar bango ba. Hanya mafi kusa tana lanƙwasawa ta arewa, ta bi gefen Kanada, ta ratsa teku, ta faɗo Ailan da kudancin Ingila sannan Faransa. Har yau ta nan jiragen fasinja suke bi. Lindbergh ya raba hanyar gida-gida a takarda, kowane gida mil 100, duk bayan kusan awa ɗaya sai ya ɗan sauya inda ya dosa a kamfas.

Jirgin ya ɗauki mai kusan lita 1,700, wato durom takwas da rabi na lita 200. Fiye da rabin nauyin jirgin duk mai ne. Babban tankin a gabansa aka sa, tsakaninsa da inji, domin idan aka yi hatsari kada inji da tanki su matse shi a tsakiya. Sakamakon haka ba shi da gilashin gaba kwata-kwata. Idan yana son ganin gabansa sai dai ya leƙa ta tagar gefe, ko ya duba wani ɗan bututu mai madubi da aka sa masa. Bai ɗauki rediyo ba, bai ɗauki lema ba, ita lemar da ta cece shi sau huɗu. Kujerarsa ta saƙa ce marar nauyi. Har gefen taswirarsa ya yanke ya zubar. Guzurinsa burodi biyar mai nama a ciki da ruwan sha.

Ranar tafiya

Ya iso New York ranar 12 ga Mayu ya tarar da wasu ƙungiyoyi biyu suna jiran yanayi ya gyaru. Da yammacin 19 ga wata ya samu labarin cewa hadarin da ke kan teku ya fara washewa. Ya koma otal don ya kwanta, amma barci bai samu ba. Ke nan ya shiga tafiyar da ba a taɓa yi ba da bashin barcin dare guda a kansa.

Da ƙarfe 7:52 na safiyar Juma'a 20 ga Mayu, 1927 ya tashi daga filin Roosevelt. An yi ruwa, filin ya yi taɓo, jirgin ya yi ta tsalle yana komawa ƙasa kafin ya ɗaga, ya wuce wayoyin tarho da ke ƙarshen filin da tazarar kamar mita 6 kacal. Ya bi ta Nova Scotia, ya wuce garin St. John's a Newfoundland dab da faɗuwar rana, daga nan sai ruwa zalla na kusan kilomita 3,000.

Cikin dare ya haɗu da hazo da gajimare masu tsawo. Da ya shiga cikinsu sai ƙanƙara ta fara kama jirgin, dole ya juya ya riƙa kewaye su. Amma babban abokin gabarsa barci ne. Ya riƙa buɗe idonsa da yatsa, yana barin iska mai sanyi ta bugi fuskarsa ta taga, wani lokaci yana saukowa dab da ruwa kamar mita 3. Shi kansa jirgin ba ya tafiya daidai idan aka sake shi, da ya fara gyangyaɗi sai ya karkace, karkacewar ta farkar da shi. A littafin da ya rubuta daga baya ya ba da labarin cewa har wasu siffofi kamar na mutane ya riƙa gani a bayansa cikin jirgin suna masa magana, saboda tsabar gajiya.

Washegari da rana ya hango jiragen masunta, ya sauko ya yi ihu yana tambayar hanyar Ailan, ba wanda ya amsa. Ba da jimawa ba ya ga ƙasa. Da ya duba taswira sai ya ga gaɓar Dingle ce a Ailan, kusan daidai inda ya lissafa, kuma ya riga lokacin da ya yi tsammani da fiye da awa biyu domin iska tana tura shi ta baya. Ya ratsa kudancin Ingila, ya shiga Faransa ta Cherbourg, a nan ne ma ya fara cin burodinsa. Ya kewaya hasumiyar Eiffel, ya nemi filin Le Bourget, inda fitilun dubban motoci da suka cika hanya suka so su rikita shi. Ya sauka ƙarfe 10:22 na daren Asabar 21 ga Mayu.

Wanda ya lissafa daga 7:52 na safe zuwa 10:22 na daren washegari zai samu awa 38 da rabi. Amma agogon Paris a lokacin yana gaban na New York da awa 5, don haka ainihin zamansa a sama awa 33 da rabi ne. Wannan lissafin yana da amfani har yau ga duk mai duba tikiti, domin lokacin tashi da na sauka kowanne da agogon garinsa ake rubuta shi. Idan aka raba kilomita 5,800 da awa 33 da rabi, gudunsa bai wuce kilomita 173 a awa ba. Jirgin fasinja na yanzu yana yin kusan 900. Kuma iskar nan da ta taimake shi tana nan, daga yamma take busowa zuwa gabas, shi ya sa dawowa daga Paris zuwa New York take ɗaukar kamar awa 8 ko fiye, alhali nisan ɗaya ne.

Suna ya zo

Lindbergh ya tafi da takardun gabatarwa a aljihu, a tunaninsa ba wanda zai san shi a Paris. Sai ya tarar da mutum fiye da 100,000 a filin. Suka fasa shinge, suka ciro shi daga jirgi suka ɗaga shi sama, wasu har yagar jikin jirgin suka yi don su ajiye. Ya yi kusan awa 55 bai runtsa ba, kuma tankinsa da sauran mai fiye da lita 300. Tafiyar da jirgin ruwa yake yi cikin kusan kwana shida, ya yi ta a ƙasa da kwana ɗaya da rabi.

Shugaban Amurka Calvin Coolidge ya aika jirgin ruwan yaƙi ya dawo da shi, aka ba shi lambobin girma, miliyoyin mutane suka fito tarbarsa a New York. Mujallar Time ta zaɓe shi gwarzon shekara, shi ne na farko da aka taɓa ba wannan. Ya zagaya duk jihohi 48 na Amurka da jirginsa yana nuna wa mutane cewa jirgin sama abin dogaro ne, kuma daga nan masu kuɗi suka fara zuba jari a harkar, fasinja suka ƙaru. A ƙarshen 1927 ya je Meziko, inda ya haɗu da Anne Morrow, 'yar jakadan Amurka, suka yi aure a 1929. Ita ma ta koyi tuƙi da aikin rediyo. Tare suka riƙa binciko wa kamfanin Pan Am hanyoyin sama, a 1931 ta Kanada da Alaska zuwa Japan da Sin, a 1933 kuma suka zagaye Atlantika, har suka sauka a Bathurst, wato Banjul ta Gambiya a yau, suka tsallaka daga nan zuwa Natal a Burazil.

Musibar da suna ya jawo

Ranar 1 ga Maris, 1932 da daddare, wani ya kafa tsani a gidansu da ke kusa da Hopewell a jihar New Jersey, ya shiga ta taga ya ɗauke ɗansu na fari mai wata 20, ya bar takardar neman kuɗin fansa. An biya dala 50,000, wato ninki biyu na kyautar da Lindbergh ya sa ransa a kanta, amma ba a dawo da yaron ba. Ranar 12 ga Mayu aka tsinci gawarsa a daji 'yan kilomita kaɗan daga gidan, kuma bincike ya nuna tun daren farko ya mutu. Mu da muke jin labarin garkuwa da mutane kullum a ƙasar nan, ba sai an yi mana bayanin halin da iyayen suka shiga ba.

A 1934 aka kama wani kafinta ɗan asalin Jamus, Bruno Hauptmann, da wani ɓangare na kuɗin fansar a garejinsa. Kotu ta same shi da laifi a 1935, aka kashe shi a kujerar lantarki ranar 3 ga Afrilu, 1936, yana musantawa har ƙarshe. Wannan lamari ne ya sa majalisar Amurka ta yi dokar da ta mai da satar mutum a tsallaka da shi wata jiha laifin gwamnatin tarayya. 'Yan jarida kuma ba su ƙyale iyalin ba, har bin ɗansu na biyu suke yi da kyamara. A watan Disambar 1935 suka bar ƙasar a ɓoye suka koma Ingila.

Inda ya zubar da mutuncinsa

Daga 1936 zuwa 1938 Lindbergh ya ziyarci Jamus sau da yawa yana duba jiragen yaƙin Hitler, bisa roƙon ofishin jakadancin Amurka. Abin da ya gani ya burge shi, ya yi imani ba mai iya karawa da Jamus a sama. A watan Oktoban 1938 Hermann Göring ya ba shi lambar girma ta gwamnatin Nazi. Makonni kaɗan bayan haka aka far wa Yahudawan Jamus aka ƙona wuraren ibadarsu da shagunansu, duk da haka ya ƙi mayar da lambar. Ya kuma yi rubuce-rubuce masu fifita farar fata a kan sauran jinsi.

Da ya koma gida a 1939 ya zama babban mai magana a cikin masu adawa da shigar Amurka yaƙi. Ranar 11 ga Satumba, 1941 a garin Des Moines ya yi jawabi yana zargin Ingila da Yahudawa da gwamnatin Shugaba Roosevelt da cewa su ne masu ingiza ƙasar cikin yaƙi. Wannan jawabin ya gama da shi a idon jama'a da yawa, jaridun da suka yabe shi jiya suka koma zaginsa. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, ya nemi komawa soja, gwamnati ta ƙi. Sai ya tafi yankin Tekun Fasifik a 1944 a matsayin farar hula mai ba kamfanin jirgi shawara, ya fita yaƙi har sau 50. A can ma tsohon iliminsa ne ya yi aiki, domin ya koya wa matuƙa yadda za su rage shan mai jirgi ya ƙara nisan zango.

Ƙarshensa

Bayan yaƙi sunansa ya ɗan farfaɗo. Littafinsa a kan tafiyar Paris, mai sunan jirgin, ya fito a 1953 ya ci kyautar Pulitzer a 1954, kuma a shekarar Shugaba Eisenhower ya ba shi muƙamin birgediya janar. A tsufansa ya koma kare namun daji da dazuzzuka, har ya yi adawa da ƙera jiragen fasinja masu gudun da ya fi sauti, irin Concorde da daga baya ya riƙa yin Paris zuwa New York cikin kusan awa 3 da rabi kafin a daina amfani da shi a 2003.

Ya mutu ranar 26 ga Agusta, 1974 a tsibirin Maui na Hawaii yana da shekara 72, bayan fama da ciwon daji. Shi da kansa ya tsara yadda za a binne shi, ba taro ba hayaniya. Kusan shekara 30 bayan mutuwarsa, daga 2003, sai ta fara fitowa cewa ban da 'ya'ya shida da matarsa ta haifa masa, yana da wasu 'ya'ya bakwai a Turai da mata uku, abin da ya ɓoye wa iyalinsa har ya shiga kabari.

Jirgin Spirit of St. Louis yana nan har yau a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington, ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda muke gani a Ikeja. Mutumin da ya tuƙa shi ya iya lissafin mai da nisa da iska fiye da kowa a zamaninsa, amma da aka zo maganar mutane da siyasa lissafin ya kuɓuce masa, kuma Amurkawa har yanzu suna gardama a kan wanne za a fi tuna shi da shi. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.